Sarrafa Linzamin Kwamfuta da Rubutaccen Umarni Domin Sauƙaƙa Jan Tagogi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wani daga cikinmu da bai taɓa gamuwa da abin da za mu kwatanta ba. Malami ya gama lacca, ya zare wayar majigi daga kwamfutarsa, ya koma ofis ya buɗe takardar da yake aiki a kanta, sai ya tarar rabin tagar ya shige can bayan bakin fuskar kwamfuta, wurin da ake kamawa a jawo ta kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Ko kuma mai fassara, wanda ya buɗe matani a taga ɗaya, ƙamus a ta biyu, fassararsa a ta uku, ya wuni yana kai hannu yana komowa don ya kama ɗan siririn layin da ke saman kowace taga. Abin ƙarami ne a ido, amma wanda ya maimaita shi sau ɗari a wuni ya san ba ƙarami ba ne a wuyan hannu.

A wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bayyana yadda ake canja halin linzamin kwamfuta da ɗan gajeren rubutaccen umarni, ta yadda mutum zai iya kama taga daga ko'ina a jikinta ya ja ta inda yake so. Za mu duba asalin matsalar, da ƙa'idar da ta bayyana ta, da yadda umarnin yake aiki. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, rubuta umarnin da zai ja taga abu ne mai sauƙi. Wahalar aikin tana wajen zaɓen maɓallin da za a ɗora masa, domin kusan kowane maɓalli yana da mai shi tun kafin mu zo.

2.0 Kalmomin da Muka Yi Amfani da Su

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi. Linzami shi ne ɗan abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana gurzawa a kan tebur, wanda wasu ke kira ɓera. Kibiya ita ce alamar da ke yawo a fuskar kwamfuta tana bin motsin linzami. Taga ita ce filin nan mai kusurwa huɗu da kowace manhaja take nuna aikinta a ciki. Layin da ke samanta, mai ɗauke da sunanta, shi muka kira goshin taga. Ɗigo shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin fuskar kwamfuta, watau ƙwayar haske guda. Rubutaccen umarni kuwa jerin layuka ne da mutum ke rubutawa a fayil na rubutu zalla, wata manhaja ta karanta su ta aiwatar ɗaya bayan ɗaya.

3.0 Asalin Matsalar

Douglas Engelbart ne ya ƙago linzami a cibiyar bincike ta SRI da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Abokin aikinsa Bill English ya ƙera na farko da katako a 1964, aka kuma nuna wa jama'a shi a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968. Daga nan aikin ya koma cibiyar PARC ta kamfanin Xerox, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973, aka kuma fara jera tagogi wata bisa wata kamar takardu a kan tebur. To, da zarar tagogi sun hau kan juna, dole a sami hanyar ɗaga wannan a matsar da waccan. A nan aka rabu gida biyu.

Gida na farko shi ne na kwamfutar Macintosh da kamfanin Apple ya fitar a 1984. Linzaminta maɓalli ɗaya gare shi, an kuma yi ta ne domin wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Saboda haka aka ware wa kowane aiki wurinsa da ido zai gani: cikin taga na manhaja ne, goshinta kuwa na ja ne. Windows ta bi wannan hanya sosai tun daga fitowarta ta biyu a 1987, lokacin da ta fara barin tagogi su hau kan juna.

Gida na biyu shi ne na tsarin X, wanda aka fara a jami'ar MIT a 1984 domin kwamfutocin Unix. Masu tsarin X ba su yanke hukunci a kan yadda taga za ta kasance ba, sun bar wannan ga wata manhaja dabam mai kula da tagogi, wadda mutum zai iya canjawa ko ya gyara mata dokoki a fayil. Ɗaya daga cikin na farko, mai suna uwm, ba ta sa wa tagogi goshi ko kaɗan. Mutum yakan danne wani maɓalli a kibod, ya kama taga da linzami daga duk inda kibiya take. Ko da Tom LaStrange ya rubuta twm a 1987 ya sa wa tagogi goshi, tsohuwar al'adar ba ta mutu ba, ta bi jini har zuwa KDE da GNOME da Xfce na kwamfutocin Linux. Watau dabarar da muke magana a kanta tsohuwa ce, masu Windows ne kawai ba su gaje ta ba, shi ya sa suke aro ta da rubutaccen umarni.

Daɗin daɗawa, goshin taga ya ƙara ƙuntata da tafiyar zamani. Tun da manhajar Chrome ta fito a 2008 ta jera shafukanta a cikin goshi, manhajoji da yawa suka bi sahu, suka cika wurin da akwatin bincike da ƙananan alamomi. Sau da yawa sai mutum ya yi ta lalube kafin ya sami ɗan fili da zai kama.

4.0 Ƙa'idar Fitts

Akwai ƙa'idar da ta auna wannan wahala. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa ya dogara a kan abu biyu: nisan abin, da faɗinsa. In abin ya yi nisa ko ya yi siriri, lokaci ya ƙaru. A 1978 Stuart Card da Bill English da Betty Burr suka gwada ƙa'idar a kan linzami a cibiyar PARC, suka ga ta yi daidai da shi.

Ma'aunin wahala a wurin Fitts shi ne a ninka nisa sau biyu, a raba da faɗi, sa'an nan a tambaya: sau nawa za a riɓanya, in an fara daga ɗaya, kafin a kai wannan adadi? Bari mu buga misali da lissafi. A ce kibiya tana nesa da goshin taga da ɗigo 600, kaurin goshin kuwa kimanin ɗigo 30 ne, kamar yadda yake a tagogin Windows na yau da kullum. 600 sau biyu 1200 ke nan, a raba da 30 a sami 40. Daga ɗaya zuwa 2, 4, 8, 16, 32 riɓi biyar ne, 40 kuwa ta ɗan haura, saboda haka ma'aunin wahala ya kama kimanin 5.3. Yanzu a ce tagar gaba ɗayanta ce abin kamawa, tsayinta ɗigo 600, tsakiyarta kuma tana wannan nisa. 1200 a raba da 600 biyu ke nan, ma'aunin wahala ya sauko zuwa 1. In kuwa kibiya tana cikin tagar tun da farko, kamar yadda aka fi samu, to babu wata tafiya da ta rage.

Ya kamata mu yi hattara a nan. Wannan lissafi bai ce aikin zai yi sauri sau biyar ba, domin akwai wani lokaci tsayayye da hannu ke ci kafin ya motsa, akwai kuma ɗan lokacin da ɗaya hannun zai kai ga maɓallin kibod. Abin da lissafin ya nuna shi ne an kawar da saitin kibiya, wanda shi ne ke sa mutum ya ɗauke ido daga abin da yake karantawa ya ƙanƙame linzami.

5.0 Yadda Windows Take Gane Inda Aka Danna

Domin mu fahimci inda umarninmu zai shiga, sai mun san hanyar da dannawa take bi. In mutum ya danna linzami, Windows takan duba tagar da ke ƙarƙashin kibiya, ta aika mata da saƙon tambaya mai suna WM_NCHITTEST, ma'anarsa: wane sashe naki ne wannan? In taga ta amsa da HTCLIENT, watau cikinta ne, sai a miƙa wa manhaja dannawar ta yi abin da ta ga dama. In ta amsa da HTCAPTION, watau goshi ne, sai a shiga aikin jan taga har a saki maɓalli.

Windows ta kuma ba da dama ga wata manhaja ta kafa shinge a kan wannan hanya, kamar yadda ake tsayar da mota a duba kaya. Duk motsi da dannawar linzami sai sun bi ta shingen kafin su isa ga tagar da aka nufa, mai shingen kuma yana da ikon ya bar su su wuce ko ya riƙe su. Amma da sharaɗi: dole ya yanke hukunci nan da nan. In ya yi jinkiri linzami zai riƙa sarƙewa, kuma tun daga Windows 7 akan cire shingen da ya wuce wa'adi ba tare da an sanar da mai shi ba.

Manhajar da ta fi shahara wajen sauƙaƙa wannan aiki ita ce AutoHotkey, wadda Chris Mallett ya fitar a 2003, Steve Gray ya ci gaba da rainonta, siga ta biyu kuma ta fito a watan Disamba na 2022. Kyauta ce, kowa kuma yana iya karanta cikinta. Ita ke kafa shingen ta kula da shi, mu kuwa namu shi ne mu rubuta abin da za a yi in an ga dannawa iri kaza.

6.0 Umarnin Kansa

Ga misalin da muka tsara da siga ta biyu ta AutoHotkey:

    #Requires AutoHotkey v2.0
    SetWinDelay 0
    CoordMode "Mouse", "Screen"

    <!LButton:: {
        MouseGetPos &x1, &y1, &taga
        if WinGetMinMax(taga) != 0
            return
        WinGetPos &tx, &ty, , , taga
        while GetKeyState("LButton", "P") {
            MouseGetPos &x2, &y2
            WinMove tx + x2 - x1, ty + y2 - y1, , , taga
            Sleep 10
        }
    }

Layin da ya fara da <!LButton yana cewa: in an danna maɓallin hagu na linzami alhali ana danne da Alt na hagu, a riƙe dannawar, a yi abin da ke biye. Da farko a rubuta inda kibiya take, watau x1 da y1, da lambar tagar da ke ƙarƙashinta. In tagar ta cika fuska, a ƙyale ta. In ba haka ba, a rubuta inda kusurwarta ta sama ta hagu take, watau tx da ty. Daga nan, muddin yatsa yana kan maɓalli, a riƙa duba sabon wurin kibiya, a ɗebe tsohon daga sabon, a ƙara bambancin a kan wurin taga na asali. Alal misali, in kibiya ta tashi daga 500 ta koma 620, bambanci 120 ne, tagar da ke 300 sai ta koma 420. Iyakar lissafin ke nan, ɗebewa da tarawa.

Akwai layuka uku da ake yawan rainawa, alhali in babu su aikin ba zai yi kyau ba. Na farko CoordMode, wanda ya ce a auna wurin kibiya daga kusurwar fuska. In an bar shi, za a auna daga kusurwar tagar da ake aiki a ciki, in kuwa ita ce ake ja, ma'aunin yana tafiya tare da abin da ake aunawa, sai taga ta riƙa rawa tana tsalle. Na biyu SetWinDelay. A bisa al'ada AutoHotkey takan dakata kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan kowace matsar da taga, watau ba za ta wuce matsarwa goma a daƙiƙa ba, alhali fuskar kwamfuta ta yau da kullum tana sabunta hotonta sau 60. Na uku Sleep, wanda ke ba kwamfuta ɗan numfashi tsakanin zagaye da zagaye, don kada umarnin ya cinye ƙarfinta a banza.

Akwai wata hanya ta biyu. Maimakon mu ja tagar da kanmu, sai mu aika mata da saƙon WM_NCLBUTTONDOWN tare da HTCAPTION, watau mu sa ta zaci a goshinta aka danna. Amfanin wannan shi ne Windows ce za ta yi jan da kanta, saboda haka tsarin nan da ya zo da Windows 7 a 2009, na manna taga a rabin fuska in an kai ta baki, zai yi aiki. Aibinta kuwa shi ne wasu manhajojin da suka zana goshinsu da kansu ba sa amsa saƙon yadda ake so. Hanya ta farko ta fi game tagogi, ta biyu ta fi dacewa da sauran halayen Windows.

7.0 Rikicin Maɓalli

Yanzu mun zo ga abin da muka ce shi ne ƙashin bayan wannan takarda. Mun ɗora umarninmu a kan Alt da maɓallin hagu, mun kuma ce a riƙe dannawar. Ma'anar wannan ita ce daga yau babu manhajar da za ta sake ganin wannan haɗi. To, su wa muka ƙwace wa?

A cikin Word, danne Alt a ja linzami shi ne hanyar zaɓen rubutu a tsaye, kamar mai jerin kalmomi da yake son ya kwashe rukunin jam'i ya bar na tilo. A cikin Photoshop, da Alt ake nuna wurin da za a kwafo launi ko zane. A cikin Blender, da shi ake zaɓen zoben layuka a jikin siffa. Wanda ya kafa umarnin bai yi tunanin wannan ba zai wayi gari ya ga wani aiki da ya saba ya daina yiwuwa, ba kuwa zai sami saƙon kuskure da zai nuna masa dalili ba. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Wannan rikici yana cikin abin da ya sa GNOME da KDE suka ɗauke aikin daga Alt suka mayar da shi kan maɓallin nan mai tambarin Windows.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. A kibod da yawa Alt na dama ba ɗaya yake da na hagu ba. Shi ne ake kira AltGr, da shi ake buga haruffan da ba su da maɓalli nasu, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin Ctrl da Alt a haɗe. A wasu tsare-tsaren kibod na Hausa a kansa aka ɗora ɓ da ɗ da ƙ. Shi ya sa muka sa alamar < a gaban umarninmu, don ya tsaya a kan Alt na hagu, ya bar na dama ga haruffa masu lanƙwasa. Haka kuma, Alt na hagu tare da Shift shi ne ke sauya harshen kibod a Windows, wanda ke yawo tsakanin Hausa da Ingilishi da Larabci kuwa ba zai so a taɓa masa shi ba.

Bugu da ƙari, Alt yana da nasa aiki ko shi kaɗai. In an danna shi an saki ba a haɗa da kome ba, Windows takan kai mutum ga jerin zaɓi na saman taga. Tun da mun riƙe dannawar linzami, a ganin Windows an danna Alt ne shi kaɗai. AutoHotkey takan rufe wannan ɓaraka ta hanyar aika wani maɓalli na boge kafin a saki Alt, wanda a bisa al'ada Ctrl ne. In wannan ya jawo wata matsala, ana iya canja shi zuwa lambar da ba ta da aiki, kamar vkE8, ta hanyar A_MenuMaskKey.

Sauran maɓallan ma kowanne da mai shi. Na tsakiyar linzami yana buɗe mahaɗi a sabon shafi, yana kuma rufe shafi. Biyun da ke gefen wasu linzamai su ne na komawa baya da ci gaba. CapsLock ya fi kowanne zaman banza, shi ya sa ɗaya daga cikin misalan da ke cikin littafin jagorar AutoHotkey ya yi amfani da shi. Babu zaɓin da ba shi da hasara, sai dai mutum ya duba manhajojin da yake aiki da su kullum ya ɗauki wanda hasararsa ta fi sauƙi.

Wani zai ce, me zai hana a yi maɓallin da za a danna sau ɗaya a shiga halin ja, a sake dannawa a fita? Amsa ita ce mutum yakan manta halin da yake ciki, ya je zaɓen rubutu ya ga taga ta biyo shi. Larry Tesler ya daɗe yana yaƙi da irin wannan tsari tun yana PARC, Jef Raskin kuma a littafinsa na shekarar 2000 ya nuna cewa halin da ake riƙewa da yatsa ya fi aminci, domin tsokar hannu ita ke tuna wa mutum, da ya saki kuwa shi ke nan.

8.0 Abubuwan da Umarni Zai Ƙyale

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da dokoki huɗu. Na ɗaya, a keɓe manhajojin da ke bukatar haɗin. AutoHotkey tana da #HotIf, wanda ke sa umarni ya yi barci in ana cikin wata manhaja da aka ambata, dannawa ta wuce kamar babu shinge. Na biyu, a keɓe abubuwan da Windows take lissafawa a cikin tagogi alhali ba na ja ba ne, kamar shimfiɗar fuska da layin ayyuka na ƙasa, waɗanda ake ganewa da sunayen Progman da WorkerW da Shell_TrayWnd. Na uku, a bar ƙofar fasawa: tun da mun ajiye tx da ty, layi biyu sun isa su mayar da taga inda take in an danna Esc. Na huɗu, a yanke shawara a kan tagar da ta cika fuska, ko a ƙyale ta kamar yadda muka yi, ko a fara rage ta kafin a ja.

Akwai kuma iyakar da Windows ta gindaya da kanta. Tun daga Windows Vista, manhaja mai ƙaramin izini ba ta da ikon sarrafa tagar manhajar da ke gudana da izinin shugaba. Mutum zai ga umarninsa yana aiki ko'ina sai a kan irin waɗannan tagogi. Wasu sukan magance wannan da ba umarnin izinin shugaba, amma mu ba mu ba da wannan shawara ba sai da larura, domin duk manhajar da umarnin ya buɗe za ta gaji wannan izini. Ya kamata kuma a tuna cewa shingen da ke ganin linzami ɗan'uwan wanda ke ganin kibod ne, wanda ke ganin kibod kuwa yana ganin kalmar sirri. Saboda haka kada malami ya kafa umarnin da ya kwaso daga intanet sai ya karanta shi layi-layi. Gajartar irin wannan umarni ita ce babbar kariyarsa, domin layi goma sha biyar ba su da wurin ɓoye mugunta.

9.0 Sauran Tsare-tsare

A Linux galibi ba a bukatar rubuta zagayen ja, tun da mai kula da tagogi ya zo da shi, abin da ake yi shi ne zaɓen maɓalli. A GNOME ana canja shi ta mouse-button-modifier, a i3 da Sway kuma layi ɗaya ne mai suna floating_modifier. A ƙarƙashin X ana iya haɗa xbindkeys da xdotool ko wmctrl a yi abin da ya wuce haka, domin X tana barin kowace manhaja ta taɓa tagar kowa. Wayland, wadda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ta rufe wannan ƙofa saboda tsaro, ta bar ikon matsar da tagogi a hannun mai kula da su kaɗai. Wanda ke son rubutaccen umarni a can sai ya bi ta ƙofar da mai kula ya buɗe, kamar yadda KWin ta KDE take karɓar umarni da harshen JavaScript. A kwamfutocin Apple kuwa akwai Hammerspoon, wadda ake ba umarni da harshen Lua, bayan mutum ya ba ta izini da hannunsa. Wanda ba ya son rubuta kome a Windows yana iya ɗaukar AltDrag ta Stefan Sundin ko AltSnap da ta gaje ta, sai dai tambayar maɓalli tana nan tana jiransa.

10.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ƙuntatar goshin taga zaɓi ne da aka yi a shekarun 1980 domin sabon shiga, ƙa'idar Fitts kuma ta nuna abin da wannan zaɓi yake ci wa wanda ya riga ya ƙware. Mun ga cewa ɗebewa da tarawa sun isa su mayar da taga gaba ɗayanta abin kamawa, har wadda goshinta ya ɓace bayan an zare majigi. Mun kuma ga cewa ingancin umarnin yana ga abin da ya ƙyale: Alt na dama, da manhajojin da suka riga shi, da tagogin da ba na ja ba.

Shawararmu ga wanda zai gwada ita ce ya ɗauki takarda ya rubuta manhajoji biyar da ya fi aiki da su, ya binciki abin da Alt da CapsLock da maɓallin tsakiya suke yi a kowace, kafin ya rubuta layi ko ɗaya. Sa'an nan ya yi mako guda yana aiki da umarnin, yana ƙara keɓewa duk inda ya ci karo. Ga sassan da ke da ɗakin kwamfuta na ɗalibai kuwa, muna ganin kada a kafa irin wannan umarni a kwamfutar da jama'a ke rabawa sai an manna sanarwa a jikinta, domin wanda ya zauna bayanka bai san abin da ka canja ba. Muna fata mahalarta, musamman masu aikin ƙamus da fassara, za su gwada su kawo mana gyara, har da gyaran kalmomin da muka ƙaga a sashe na biyu.